Dodon Koɗi da Katangar Bayan Ɗakina

Jikata mai karatun halittu ce ta tayar mini da zancen. Ta zo hutu, ta tsinci wani ɗan dodon koɗi manne a gindin famfo, ta ɗago shi tana yi mini bayani kamar ni ce baƙuwa a garin. Wai ba ɗan ƙasar nan ba ne, shigo da shi aka yi, kuma masana sun sa shi cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu. Na ce da sun tambaye ni tun farko da na hutar da su. Ni dai a sanina, a gidanmu wannan baƙon ya fara sauka a Gombe.

Zamanin kuɗin mai ne, kowa ya zama ɗan kwangila, har da maigidana da ya tashi yana sayar da yadi a kasuwa. Ba a daɗe da kawo ni daga wajen Katsina ba, muna zaune a Bagadaza tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Gidanmu gidan kulle ne. Ba mai duka, ba mai zagi, abinci kuwa sai na ture, amma ƙofar zaure ce iyakata sai in an yi haihuwa ko rasuwa a dangi, dangina kuwa suna can nesa. Abin da nake da shi nawa na kaina shi ne wani ɗan fili a bayan ɗakina, kusa da rijiya. Nan na shuka alayyafo da yakuwa da lalo da kuɓewa. Katangar wajen ta ƙasa ce, ruwan sama ya zaizaye kanta, in na taka tsohon turmin da aka kife a gindinta ina hango gidan maƙwabta.

Maƙwabciyar matar wani malamin firamare ce, mutanen wajen Kaltungo. Ta girme ni, ita ma tana da lambu, amma nata na sana'a ne, da shi take rufa wa yaranta asiri. Ina ce mata Yaya, ita kuwa Amarya take kirana har bayan na yaye ɗan fari. Da hantsi, in maza sun fita, sai in hau turmi da sunan cire ciyawa, ita ma ta matso da butar ban ruwanta. Ta bakinta na san an zuba kwalta a titin kasuwa, na san yadda tashar jirgi take cika, na san wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. In na yi kuka don kewar gida, ita ce ke tsokanata har in yi dariya. Duk Gomben da na sani a shekarun nan, ta kan katangar nan ta shigo mini.

Sai maigidana ya samu kwangilar shuka furanni a wasu sababbin gidajen ma'aikata. Aka yi odar dashen daga kudu, suka zo ta jirgin ƙasa cikin gwangwanaye, kowanne da ƙasarsa baƙa mai danshi. Gidajen ba a gama su ba, saboda haka aka jibge gwangwanayen a bayan ɗakina, tunda akwai rijiya, akwai kuma mai ban ruwa ta banza. Suna nan har damina ta sauka.

Wata safiya na fito na tarar da alayyafona ya zama rariya. Da na ɗaga ganye sai na gan su, 'yan dodon koɗi ƙanana, masu ruwan ƙasa da ratsi-ratsi, sun bar yawu mai ƙyalli a duk inda suka bi. Ba manyan nan ba ne da mutanen kudu ke ci, ba kuma farar katantanwar da muke murzawa muna yara ba. Yaya ta ce in zuba musu gishiri, in zagaye kunyoyin da toka. Na ɗebo gishiri na fara, suna kumfa suna narkewa, ni kuwa ina jin sanyi a raina, sai ga Inna a kaina.

Inna mace ce da ko tururuwa ta gani a tabarma sai ta ɗauke ta da tsinke. Ta karɓe gishirin, ba faɗa, ta ce, “Ba ya cizo, ba ya harbi, cikinsa kawai yake nema wa. Ba za a ƙona halittar Allah da ranta a gidan nan ba, 'yar nan.”

Ta kawo nata maganin. Kullum bayan rana ta fito sai mu bi ganye muna tsince su cikin bokiti, ita kuma ta yafa mayafi ta kai su kwarin da ke bayan unguwa. Tsohuwa ce, ba mai hana ta fita. A kwarin nan kowa ke zubar da shara, don an san ruwa ɗaya zai zo ya wanke komai ya yi gaba da shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ina ne gaban. Ni ke ɗaukar mata bokitin har bakin zaure, in miƙa mata, in tsaya. Haushi ya riƙa cina. Dodon koɗin da ya cinye mini shuka ana fita da shi shan iska kullum, ni da na shuka ina tsaye a bayan ƙyaure.

Ruwa kuwa ya yi aikinsa. Kwarin yana ratsa bayan gidaje da lambuna, duk inda ya yi kwana sai ya ajiye musu rabonsu. Da rani ya shigo muka ɗauka sun mutu, ashe toshe bakin koɗinsu suke yi su lafe a ƙarƙashin randa da bakin rijiya suna jira. Damina ta biyu, suka mamaye unguwa. Yara suka laƙaba musu furen ɗan kwangila. Lambun Yaya ya tafi gaba ɗaya, sai kara tsaye. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, amma ta rage dariya, ni kuma na rasa idon da zan dube ta da shi.

Mazan unguwa suka haɗu suka sami maigidana a zaure, har da mijin Yaya. Ban ji abin da aka ce ba, amma ya shigo fuskarsa a murtuke, ya ce an ci masa mutunci a kan ƙwaro, kuma zai yi maganin abin daga tushe. Siminti ne ba ya rasawa a lokacin. Zai shafe bayan gidan duka, ya rushe katangar ƙasa ya tayar da ta bulo, kada ko ɗaya ya sake haurawa gidan mutane. Na roƙe shi ya bar mini ko kunya ɗaya a gindin katanga.

Ya ce, “Ganye kike so? Kullum zan sa a kawo miki daga kasuwa, wanda ya fi naki ma.”

Na ce, “Maigida, ba ganyen ba ne.”

Ya tsaya yana jira in faɗi ko mene ne, da gaske yake jira. In na ce turmi, na tona kaina. Ya ɗauka rigimar mata ce, ya fita.

Da magina suka zo, ɗaki na shiga aka saki labule, tunda maza ne baƙi. Kwana da kwanaki ina jin ƙarar shebur da faɗuwar katanga, ina shaƙar warin ɗanyen siminti. Ranar da na fito, tsakar gida da bayan ɗaki sun zama fili ɗaya mai ruwan toka, sumul, ba ko tsiron ciyawa. Katangar ta wuce tsawon namiji, an kafa fasassun kwalabe a kanta. Na mirgino turmina na hau, goshina bai kai ko'ina ba.

Na kira Yaya, ta amsa. Muka gwada hira da ɗaga murya, amma irin maganarmu ba ta ɗaga murya ba ce, don abin da za ki faɗa Inna ta ji, mai wucewa a lungu ya ji, gaisuwa ce kawai. Muka koma ina kwana da ina wuni. Cikin ranin da ya biyo baya aka yi wa mijinta canjin makaranta. Ban san ranar tafiyarsu ba sai da 'yarta ta shigo ta miƙo mini irin yakuwa ƙulle a tsumma, ta ce in ji mamanta, mota na jira. Na riƙe ƙullin ina duban simintin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da aka kawo ni.

Ruwan farko da ya sauka bayan haka, na fito shara da safe, sai na ga wani siririn layi yana ƙyalli a jikin sabuwar katangar. Na bi shi da ido. Ga shi can, guda ɗaya, ban san ramin da ya fito ba, yana hawa a hankali abinsa. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ya kai sama, ya bi ta tsakanin kwalaben, ya gangara wancan ɓarin.

Inna ta leƙo daga ɗakinta ta tambaye ni ko ta ɗauko bokiti. Na ce ta bar shi, ya riga ya fita.