Rigunan Sanyin Yaya

Matar yayana 'yar Kanada ce, nas a babban asibitin unguwar Camberwell a London. A can suka haɗu lokacin da ya zo ƙaro karatun likita, ko tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, bai iya shiga ba. Ita ta koya masa garin nan: yadda ake magana da council, wato ƙaramar hukuma, yadda ake gane mai gidan haya mayaudari, irin takalmin da ruwa ba ya shiga. Allah bai ba su haihuwa ba. Da na zo daga baya a flat ɗinsu na sauka, ina ce mata matarmu, tana ce mini uwar surutu da Hausarta ta 'yan koyo.

Kowace Lahadi can nake cin abinci. A wajen wanke-wanke take ba ni labarin mutanensu. Ta wajen uwa, ta ce, jininta biyu ne, na Faransawa da na 'yan asalin ƙasar. Faransawan farko sun shiga dazuzzukansu cikin kwalekwale suna neman fatar wata dabbar ruwa mai laushin gashi, wadda ake yin hula da ita a Turai. Suna kawo tukwane da wuƙaƙe da barguna, a ba su fatu. Amma ba su san hanya ba, ba su jin yare, sanyi kuma yana kashe su. Sai su auri 'yan matan garin. Matar ce za ta ɗinka wa mutum takalmi, ta busar masa da nama, ta yi masa tafinta, danginta su zama abokan cinikinsa. In ya tara abin da ya tara, wani ya zauna har mutuwa, wani ya hau kwalekwale ya ce sai baɗi. Nata kakan na cikin masu sai baɗi. Tana faɗa tana goge faranti, ko a jikinta.

Da Yaya ya yi ritaya, ya gama gininsa a Kano. Tsarin da ya gaya mata shi ne rabin shekara can, rabin shekara nan, tunda ita da sauranta a wajen aiki. Na tambaye shi a mota ko da gaske yake.

"Ke dai kin cika bin diddigi," ya ce. "Na yi booking ɗin jirgi, sauran sai abin da Allah ya yi."

Yaya ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son ganin hawaye, kuma ya fi son ƙarya mai laushi a kan gaskiyar da za ta sa a yi masa kuka.

Ita ta shirya masa akwatuna, ta jera magungunansa na hawan jini, ta sayo wa dangi tsaraba a kasuwar Deptford. Muka raka shi filin jirgi. A hanyar dawowa muna zaune a tube, ta juyo.

"Ba zai dawo ba," ta ce.

Na fara rantse-rantse, ta ɗaga mini hannu. Ta ce satin da ya wuce ta buɗe kabad ta tarar babu rigar sanyinsa ko ɗaya. Duk ya kai su charity shop, shagon da ake ba da kaya sadaka, har da baƙar da ta saya masa shekarar aurensu. Wanda zai dawo London, ta ce, yana barin ko guda ɗaya.

Tausayinta ya kama ni, haushin Yaya kuma ya fi tausayin yawa. Sai da muka kusa tashar da zan sauka ta sake magana, da Hausa wannan karon, tana lissafa kalmomin a hankali.

"In ba shi, ni har yanzu matarku ce?"