Maɓallin da Baba Direba Ya Daina Dannawa

Tun yana saurayi Baba Direba yake riƙe da sitiyari, har gemu ya yi fari. A da duk inda za shi matarsa na kujerar gefe. In mota ta ɗan yi santsi, gwiwarsa kawai take dafawa. Shi kuwa ya ce, “Na ji, Malama mai koyar da tuƙi.”

Allah Ya yi mata rasuwa, gida ya yi masa faɗi. Abin da ya rage masa shi ne fita da safe a motar da autarsa ta saya masa, ya zaga gari, ya dawo ya ci abinci shi kaɗai.

A motar akwai wani maɓalli mai hoton mota da layuka biyu a karkace. Surukinsa ya yi masa bayani cewa in taya ta fara juyawa a banza, motar da kanta take rage wuta, in bayanta ya zame a kwana sai ta kama burkin taya guda ta miƙar da kanta. Maɓallin na kashe wannan aikin ne, kuma ba a kashe shi sai an kafe a laka ko yashi. Baba Direba ya ce mota ba za ta koya masa sana'arsa ba. Kullum ya tayar sai ya danna ya kashe, wata fitila ta kama a gaban sitiyari, don da an sake tayarwa abin yake komawa.

Da autar ta gane, ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, in na sake ganin fitilar nan a kunne, zan tafi da makullin.”

Ya san za ta aikata. Duk da haka bai daina ba, sai dai ranar da za ta zo.

Wata safiya aka yi yayyafi, ya manta bai danna ba. A kwanar bayan asibiti motar ta zame. Kafin hannunsa ya motsa, fitila ta ƙifta, wata taya ta yi gurnani, mota ta koma hanya. Daidai lokacin da akan dafa gwiwarsa.

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya daɗe yana kallon kujerar gefe.

“Na ji,” ya ce a hankali, sannan ya yi wa matarsa addu'a.

Makullin yana hannunsa har yau. In ya tayar da mota yatsansa yakan nufi maɓallin, sai ya janye shi ya aje a kan gwiwa.