Ƙasar da Ta Zama Kaza a Maraɗi

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, a damanar da nake aji biyar, Inna ta tsayar da ni ina tsakiyar surfe. Kakata ce ta wajen uba, kuma ba ta taɓa ɗauke wa kowa aiki ba, shi ya sa da ta ce in ajiye taɓarya in ɗauko biro, sai kowa a tsakar gidan ya juyo yana kallonmu. Na yago takardar tsakiya daga littafin lissafina, muka zauna a gindin rumbu, ita ta miƙe ƙafafunta da suka fara kumburi, ni kuma na kifa faranti a cinya ya zama tebur. Ta bayan katanga ana jin manyan motoci suna nishi da lodin hatsi, suna haramar tsallaka iyaka.

Ƙanwarta za a rubuta wa, Iya Rabi, wadda aure ya kai Maraɗi tun ba a haifi babana ba. Shekara bakwai ba sa ga-maciji. Gonar mahaifinsu ta Magama ce ta raba su: Iya Rabi ta nemi rabonta, Inna kuwa ta ce mata a gaban jama'a wadda ta bi Faransa ba ta da ƙasa a nan. Daga ranar aka daina zuwa biki, aka daina zuwa suna, har rasuwa sai dai a ji a bakin direbobi. Yanzu ga ciwo ya zo, Inna ba ta son a kai ta makwanci da gaba a wuyanta.

Ni a lokacin ji nake duk unguwar babu mai ilimina, tun da ni ce mai rubuta wa tsofaffi wasiƙa idan na gama ɗiban ruwa da ba awaki dusa. Sai na fara zuba abin da aka koya mana, wai da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Da na karanta mata ta harare ni. "Wa ya aike ki? Ni ban da lahiya. Soke." Tun hantsi muke abu ɗaya har azahar. Ta faɗi kalma ta janye, ta kalli turmi, ta sake farawa. Ƙawayena na zaure suna carafke, ina jin ƙarar duwatsun, hankalina duk yana can. Malaminmu kullum yana cewa, "Ƙugiya ba ado ba ce," amma ranar don gaggawa ko harafi ɗaya ban lanƙwasa ba. Abin da ya rage a takardar bai fi layi uku ba: "Rabi, ni ta, Hajjo. Na cuce ki. Na bar maki ƙasa, ki zo ki amshi abinki, ki yahe mani."

Muka liƙe ambulan da ƙaro, Malam Ilu direba ya cusa ta a hularsa ya tafi. Bai daɗe da fita ba girman kan Inna ya motsa, ta tashi babana ya bi shi a keke ya karɓo. Kafin ya isa tasha mota ta wuce shingen iyaka. Da ya dawo hannu biyu, Inna ta ja tsaki ta ce magana zarar bunu ce, ta juya wa kowa baya.

Lahadin da ta zagayo Malam Ilu ya yi sallama riƙe da wata jar kaza an ɗaure mata ƙafa. Ya durƙusa yana sosa ƙeya ya ce, "Inna, saƙo aka ba ni. Ta ce ki riƙe kazarki, ga ƙari." Ba wanda ya gane kan zancen, amma kowa ya gane cin fuska ne. Inna ta kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba. A rana ta uku ta yafa mayafi, ta ce in ɗauko kazar in biyo ta. Haka muka shiga bayan mota cikin buhuna, da kumburarrun ƙafafun nan, jandarma na leƙo mu, kaza na ta kuka a cinyata har Maraɗi.

Iya Rabi ko ruwa ba ta ba mu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar ta jefa a tabarma. "Shekara bakwai, Hajjo, sannan ki aiko ki ce kin bar mani kaza? Mi ni ka yi da kaza?" Ashe maƙwabcinta ta kai wa ya karanta, wani malamin lakwal, wato makarantar can, da bai san boko ba sai na Faransanci. Su a karatunsu, harafin "s" in ya faɗo tsakanin wasula biyu "z" yake komawa. Ni na cire wa ƙasa ƙugiya ta zama kasa, shi kuma ya ƙarasa ta ta zama kaza. Inna ta ce in ɗauka in karanta. Na karanta. Iya Rabi ta sa na maimaita har sau uku, sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta faɗa jikin yayarta. Ni dai rabona ranƙwashi biyu ne da cinyar kaza. Gonar ma Iya Rabi cewa ta yi a bar ta a haɗe, a riƙa aiko mata da gero. Bayan girbi Inna ta rasu, ƙanwar tata ce ta yi mata wanka.

Yau mu jikokinsu muna da zauren dangi a waya, na Jibiya da na Maraɗi, kuma ko buɗe shi ba na son yi. A kan wannan gonar dai ake ta kwasar 'yan kallo. Ƙato da gemunsa zai ɗauki murya ya zage ƙanwar uwarsa tas, in ya ga an yi masa ca sai ya goge, ya ce ba a fahimce shi ba. Ban haƙuri kuwa ya koma ɗan hoton hannu biyu a haɗe, wanda ko yatsa bai gaji ba wajen turo shi. Ran Juma'a kowa ya watso furanni da addu'ar da wani ya rubuta, wani ya turo wa wani, ta bi wayoyi ta tsufa kafin ta iso gare ka. Da mahaifiyata ta rasu, wani ɗan'uwa ya turo mini ta'aziyya da "Allah ya jiƙansa" a ciki, ko gyara bai tsaya yi ba. Ƙyamar abin har yau ba ta bar ni ba. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta ɓata yini guda a kan layi uku, ta hau bayan mota da ciwo don a gyara kalma ɗaya, mu kuwa da muka ƙoshi da karatu mun rasa kalma ɗaya tamu ta kanmu.

Ba zan wanke kaina ba. Ni da Hadiza, jikar Iya Rabi, shekararmu biyu ba ma magana, kuma ni ce na faɗa mata abin da bai kamata ba a wannan zaure. Sau uku ina rubuta mata "ki yafe mini". Sau biyu na share tun ban tura ba, na ukun na tura, na ga ba ta buɗe ba, na yi maza na goge. Da takarda ce, da tuni ta wuce shinge.