Kwanar da ke Gaban Shagona

Na daɗe ina ɗinki a shago ɗaya, a bakin titin da ya taso daga Funtua ya nufi Malumfashi. Garinmu ƙarami ne, titin kuma ya tsaga shi biyu: kasuwa da masallacin Juma'a a ɓangare ɗaya, makarantar firamare da rijiyar burtsatse da yawancin gidaje a ɗaya ɓangaren. Duk mai son cefane ko ɗiban ruwa sai ya tsallaka. Daidai ƙofar shagona titin ya yi kwana, in na ɗaga kai daga kan keken ɗinki ita nake fara gani.

Lokacin da titin ke cike da ramuka kullum cikin tsine masa muke. Amma in za a faɗi gaskiya, ramukan nan sun tsare mana rai. Mota takan zo tana ɗingishi, direba na kauce wa wannan rami yana faɗa wa wancan, har tsohuwa da sanda ta gama tsallakawa bai iso ba. Haɗarin wancan zamanin bai wuce mai mashin ya zame ya kuje gwiwa ba, ko a take kazar wani a yi ta cacar baki. Da aka zo aka shimfiɗa sabuwar kwalta, baƙa wuluk, sumul kamar faranti, har kiɗa aka yi a garin. Ba a kafa allo ko ɗaya ba, ba a ja farin layi ba, masu aikin suka kwashe injinansu suka yi gaba.

Daga kakar wannan shekarar muka san ƙarar birki. Sannu a hankali har na iya rabe ta ba tare da na ɗaga kai ba. In doguwa ce mai jan numfashi, an tsira. In gajeriya ce ta ƙare da "dam", sai in ajiye almakashi. Na lura kuma abin yana da lokacinsa. Da damina da sauƙi, kowa na gona. Da an shiga kaka, motoci sun fara jigilar masara da auduga da tumatir, samari sun sayar da amfani sun sayo sababbin mashina, sai kwanar ta fara ci. Ranar kasuwa ta fi kowace rana, sai ranar da aka ɗauko amarya, yara su jera mashina suna sakin hannu suna ihu.

Akwai wani tsoho Bamaguje da ke zaune a wata unguwa can cikin gonaki, abokin mahaifina tun suna samari. Gonakinsu iyaka ɗaya. Shi yana kan addinin kakanninsa, mahaifina kuwa shi ke jan salla a ƙofar gidanmu, amma ban taɓa jin sun yi sa-in-sa ba sai a kan awaki. Bayan rasuwar mahaifina tsohon bai yanke zumunci ba. Duk ranar kasuwa zai zo da kekensa, ya ajiye min rake ko ƙullin gyaɗa, ya zauna kan bencina ya huta. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min ɗan abokina.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya iso, ya miƙo min wata tsohuwar taguwa.

"Ɗan abokina, duba min aljihun nan. Ya zama ƙofar gari, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita."

Na ce, "Baba, wannan taguwar ai ta girme ni. Ka bari in ɗinka maka sabuwa."

"Sabuwa ta san jikina ne? Toshe min wannan dai. Bari in leƙa kasuwa in dawo."

Ya tura kekensa, bai ma hau ba. Ya tsaya bakin kwalta ya duba dama, ya duba hagu, kamar yadda ya saba. Ina kallonsa ya kai tsakiya sai ga wata bas ta ɓullo, ta rage gudu don ya wuce. A bayanta akwai babbar mota shaƙe da kwandunan tumatir daga wajen Danja, mutane zaune a saman lodin. Maimakon direban ya taka birki, sai ya zaro ta zai wuce bas ɗin, a kan kwana, ranar kasuwa. Da ya hango tsohon ya murɗa sitiyari, amma ina. Gefen motar ya kwashe Baba da kekensa, ita kuma ta yi tangal-tangal ta kwanta a gefenta.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Titi ya yi ja gaba ɗaya, ban iya rabe tumatir da jini ba. Na sami Baba a cikin kwalbati, idonsa biyu, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Can gefe mutum biyu daga cikin na saman lodin suna kwance, ɗaya yana nishi, ɗaya ba ya motsi. Direban kuwa ya fito ta taga ya faɗa cikin karan dawa, ba a sake ganinsa ba.

Kafin in ɗago, jama'a sun cika wurin. Na ɗauka hannu za a kawo. Da na ɗaga kai sai na ga wayoyi, kowa ya miƙo tasa a kanmu kamar ana rabon wani abu. Wani magidanci, sanye da rigar da ni na ɗinka masa da hannuna, ya taɓa kafaɗata.

"Tela, ɗan matsa mana, ka rufe min fuskarsa."

Na dube shi. A bayansa kuma wani aikin ake yi. Mata da maza, masu bokiti, masu buhu, masu tattarawa a bakin riga, ana ta kwasar tumatir. Na ga wata mata tana jan kwando daga ƙarƙashin hannun mutumin nan da ke nishi. Da wani ya yi mata magana ta ce, "To ai lalacewa zai yi, asara ce." Mutanen garinmu ne. Ba baƙi ba ne, ba 'yan iska ba ne. Da yawansu sahu ɗaya muke tsayawa.

Na ruga wurin maƙwabcin shagona, wani Alhaji mai sayen hatsi, motarsa na fake ƙarƙashin darbejiya.

"Alhaji, don Allah taimaka da mota, mu kai su Malumfashi."

Ya leƙa ta bayana, ya gyara hula. "Tela, ka san halin da ake ciki. In mutum ya cika a motata, ni za a tsare da tambaya har sati. Wai ma ba Bamagujen nan ba ne mai zuwa wurinka?"

"Shi ne, Alhaji. Jininsa kuma ja ne irin naka."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Makullin ma yana gida."

Makullin na hannunsa, ina ganin sa.

Wanda ya taimake mu baƙo ne, mai keke napep, daga baya ya ce min daga Mahuta yake. Ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, muka kinkimi Baba da mutumin da ke nishi muka sa a baya. Na ukun an riga an lulluɓe shi da zani. Na zauna a ƙasan napep ɗin, kan Baba bisa cinyata, na ɗaure masa cinya da igiyar awo da ke rataye a wuyana. Duk inda muka taka gargada sai ya damƙe hannuna. Bai yi kuka ba. Sau ɗaya ya yi magana.

"Ɗan abokina, na duba fa. Dama da hagu na duba."

"Na gani, Baba. Ina kallonka."

A asibiti ma'aikata sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Amma ƙafar ba ta gyaru ba, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Ɗayan mutumin ya tashi da karaya a haƙarƙari, 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi.

Kwana biyu da dawowata ina zaune a shago, wani ya shigo yana washe baki, ya miƙo min waya.

"Tela, ka yi suna! Ga ka nan, har Kaduna an gani."

Na ga kaina durƙushe cikin kwalbati, ga Baba da taguwar jikinsa a yage, cikinsa a waje, an ɗora wa hoton wani sauti mai ban tausayi. Tsohon da ko hula ba ya cirewa a gaban surukansa, ga shi ana yawo da tsiraicinsa a aljihun kowa. Na mayar masa da wayarsa na ce ya fitar min daga shago. A makon nan kuma gari ya cika da jar miya. Matata ta ce an aiko mata da kwano guda na tumatir daga maƙwabta, na ce ta mayar.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Kansila ya zo da babbar riga, ya ce zai kai kukanmu sama, za a kawo allo, za a yi fenti, za a yi komai. Wani dattijo ya ce ai duk wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake sai ya tafi, kada mu ja da ƙaddara. Na miƙe na ce, "Dattijo, da girmanka, ƙaddara gaskiya ce. Amma ba ƙaddara ce ta loda wa mota abin da ya fi ƙarfinta ba, ba ita ta ce a wuce wani a kan kwana ba, ba ita kuma ta kwashe tumatir ba." Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce tela ya cika zafi.

Da muka ga shiru daga sama, sai muka yi abin da muka iya. Samari suka kawo ƙasa da duwatsu, aka samu siminti, muka gina tudu biyu a gicciye kan titin, ɗaya kafin kwanar ɗaya bayanta. Babu wanda ya san yadda ake yinsu a cikinmu. Suka fito da tsayi kamar kunyar dankali, ba fenti, ba alama. Makonni kaɗan mun samu lafiya, har yaran firamare na tsallakawa ba a riƙe musu hannu ba. Sai wata rana da la'asar wani manomi baƙo ya taho a mashin, matarsa a baya, buhu biyu a tsakaninsu, bai san da tudun ba. Matar ta yi sama ta dawo da fuska, haƙoranta na gaba suka zube, hannu ya karye. Wannan karon mu ne muka yi, da ni a ciki, don ni na riƙe igiyar da aka ja layin ginin. Wayoyin kuma suka sake fitowa.

Duk da haka ba don ita aka cire tudun ba. Sai da ayarin wani babban mutum ya zo wucewa, ƙasan motarsa ya gogi simintin. Washegari da safe katafila ta iso ta kankare su tas. Ashe ana jin labarin garinmu a sama, in ya taɓa wanda ya isa. Allon da aka yi mana alkawari kuwa har yau ba mu gan shi ba. Samarin da suka haɗa kwaɓin simintin da hannunsu, su ne suka fara gwada gudun mashin a wurin ranar da aka share.

Na je duba Baba bayan an sallame shi. Na same shi zaune kan tabarma gindin ɗorawa, 'yarsa tana sussukar dawa a gefe. Na kai masa taguwar da na toshe wa aljihu. Ya jujjuya ta ya ce aiki ya yi. Sai ya tambayi kekensa. Na daɗe ina kame-kame kafin na faɗa masa gaskiya: tun ranar aka ɗauke shi, ba a san wanda ya ɗauka ba.

Sai ya ce, "In ka ji wanda ya ɗauka, ka ce masa birkin baya ba ya ci. Kada ya je ya faɗi."

Bai sake zuwa kasuwa ba. Ya ga damina ɗaya daga zaune, kafin ta biyu ya rasu.

Kwanakin baya zare ya ƙare min, na shiga motar haya zuwa Funtua. Mu biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but ɗin motar a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Direban na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da waya yana faɗa da wani a kan taya. Ya zaro zai wuce tirela, ga wata motar na tahowa, da ƙyar ya koma layinsa.

Na ce, "Direba, don Allah sassauta. Rayuka ka ɗauko."

Bai ko kalle ni ba. Fasinjojin ne suka taso min. Wani daga baya ya ce, "Malam, sauri muke. In tsoro kake ji ka sauka." Wata Hajiya ta ce in bar yi musu mugun baki. Na ce a tsaya. Ya taka birki, na sauka a bakin wata gonar auduga, suka wuce suna dariya.

Na tsaya cikin rana kusan awa guda. Motar da ta tsaya min daga baya ta fi ta farkon lodi, gilashin gabanta a tsage, direbanta da jajayen idanu kamar bai runtsa ba kwana biyu. Na leƙa ciki, na dubi hanya, babu wata a tafe. Na tattare rigata na shiga, aka matsa min. Ya fizge ta da gudun da ya fi na wancan, ni kuwa na kama bakina na yi shiru kamar kowa, har muka shiga Funtua.