Mesar da ke Kan Azarar Kaka

A gidanmu na Samaru, da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu cika madafar Kaka Dije. Lantarki bai cika zama ba a lokacin, hasken murhu ne fitilarmu. Tana gasa mana masara tana ba mu tatsuniya.

Ina aji huɗu a firamare aka yi abin. Ta ce, "Ga ta nan tafe." Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai wata tsohuwa ce ɓeraye suka addaba, sun cinye mata hatsi, har yatsun jikokinta suke gwaguya. Rannan sai ga ƙaramar mesa a bakin ƙofa, an sare dajinsu an gina gidaje. Tsohuwa ta ce mata, "Hau sama ki zauna. Kada ki taɓa nawa, ni ma ba zan taɓa ki ba." Shekara uku ba a ƙara jin motsin ɓera ba.

Yayata Hadiza ta tuntsire da dariya. "Kaka, wa zai kwana gida ɗaya da maciji?"

"Ke mana," in ji Kaka. "Ku ɗaga kai a hankali. Kada wanda ya yi ihu."

Muka ɗaga. Ga ta nannaɗe a kan azara, daidai saman kawunanmu, fatarta na sheƙi. Masarata ta faɗa cikin toka.  Hadiza ce ta ƙwalla ƙara.

Baba, wanda dawowarsa ke nan daga shagonsa na Sabon Gari, ya faɗo madafar riƙe da adda. Kaka ta tare gabansa.

"Ba ta da dafi, Sule. Shekara uku, me ta yi maka?"

"Inna, 'ya'yana ne zaune a ƙarƙashinta!" in ji Baba.

Da ƙyar suka daidaita: ba za a kashe ta ba, ba za ta zauna ba. Da safe wani maharbi ya saka ta a buhu da ranta, ya kai ta daji bayan Basawa. Kaka ta yi mako guda ba ta ba mu tatsuniya ba.

Yanzu da na haifi nawa, na fahimci tsoron Baba, kuma har yau ban san wa ya fi gaskiya a cikinsu ba. Amma bara da guza ya shigo tsakar gidana a Dogarawa, maƙwabta suka taru da sanduna, na roƙe su su dakata. Na buɗe ƙofar baya, na koma gefe. Ya ɗan tsaya, sannan ya fice abinsa.