Kujerar Babur Ɗin Da Na Saya A Lamisula

Jama'a, ni ba mutum ne mai tsoro ba, kowa ya sani, amma wallahi wannan abu ya faru da ni, da rana tsaka kuma. A shekarun tamanin ne, ina aikin allurar shanu a Maiduguri, kullum ina kan babur, daga Khaddamari har rugagen Shuwa da ke can ciki, inda hanya ba hanya ba ce, rairayi ne da ramuka. Kujerar da babur ɗin ya zo da ita kamar benci take, wata shida kawai bayana ya riƙe, har sallah sai a zaune. Maigidanmu a ofis ya ce in ba zan iya zagaye ba, in ajiye makulli a ba wani. Ga mata, ga 'ya'ya uku, ina zan ajiye?

Sai na je wajen Ba Modu, wani dattijo mai ɗinkin kujerun babur a unguwar Lamisula. Shi ba ya sayar maka sai ka zauna, ya duba faɗin ƙugunka, ya danna soson da babban yatsa, don a cewarsa mai laushi da yawa shi ke kashe baya a doguwar tafiya. Na gwada sababbi huɗu, ba wadda ta yi mini. Can na hango wata tsohuwa a jingine, mai faɗi, fatarta ta sha hannu. Ina zama, kai! Kamar don ni aka yi ta.

Ba Modu ya ce, "Malam, wannan ta gwanjo ce. Mu ba ma sayar da tsohuwa sai mun zare soson mun sa sabo. Ka ga lotsawar nan ta baya? Ta wani ce."

Na ce, "Haba Baba, ai soson nake so." Na nace, ya girgiza kai ya ɗaura mini.

Sati biyu bayana garau, ina yin ruga biyar a rana. Sai dai babur ɗin ya yi nauyi ta baya, in na shiga rairayi taya ta nutse kamar na ɗauko buhun gero. Na canza shokozoba, a banza. A wata ruga kuma aka kawo mini nono ƙwarya biyu alhali ni kaɗai ne, na yi dariya na shanye duka, ni da ci ba wasa.

Ranar wata Laraba da azahar, na wuce Khaddamari sai kan babur ya riƙa ja hagu, zuwa wata 'yar hanyar da ban taɓa bi ba. Na murɗo, ya koma. Na ce to, mu gani. Muka ɓulla wani ƙauye mai bukka ba ta fi goma ba, injin ya mutu a ƙofar wani gida. Wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ba ni take kallo ba, bayana take kallo.

"Wushe, wushe," in ji ta, wato sannu da Kanuri, hawaye na zuba. Sannan ta juyo da 'yar Hausarta, "Ɗana, Allah ya biya ka da ka kawo shi."

Wallahi tallahi ina ji babur ya ɗago, irin yadda yake yi in mutum ya sauka. Ban tambaye ta komai ba, na buga kik na juya, ban tsaya ba sai cikin gari.

Daga ranar kujerar ta ƙandare kamar katako. Na sayi sabuwa, bayana bai yarda ba, cikin wata biyu na miƙa makullin da hannuna, aka mayar da ni rubuta takardu da rabin alawus.

Ku masu doguwar tafiya, ku zaɓi mai faɗi, soso mai ɗan tauri, ku zauna ku gwada. In ta gwanjo ce, don Allah ku bari a zare soson. Har yau ban san wa na kai gida ba.