Allon Kwanar Darini

A Zakka na girma, a ɗakin kakata Iya Tabawa. In an ci tuwo sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Ita ba ta iya tatsuniyar dariya ba. A nata sai an mutu.

Wadda ta fi maimaitawa ta wata mai awaki ce. Wai a zamanin fatake, in ayari ya iso mararraba, hanya ɗaya kuma da mugun abu, na gaba kan sari ɗanyen reshe ya gicciya a bakinta don na baya su kauce. Matar nan ta zo ta ga reshe kore shar, ta ce awakinta sun samu, ta ɗauke. Ashe ɗanta na can baya da jakinsa. Ya iso bai ga komai ba, ya bi hanyar, tsohuwar rijiya ta rufta da shi.

Na ce, "Iya, ai ba ta sani ba."

Ta ce, "Ke mai bakin tsiya, rijiyar ta tambaye ta ko ta sani?"

Aure ya kai ni Darini. Wata damina iska ta kayar da allon ƙarfen da ke kafe kafin kwanar kwalbati, a hanyar Batsari. Ina dawowa daga gona na gan shi a ƙasa, kusurwa uku, gefensa ja, da wani baƙin zane a lanƙwashe. Na ɗauka adon gwamnati ne. Na ɗora a ka, na kai gida, na rufe akurkin kajina da shi.

Da kaka, ƙanena Lawwali ya taho daga Safana a kan babur zai kawo mini gyaɗa. Bai saba da hanyar ba. Ya zarce a kwanar, ya faɗa kwalbatin. Aka ce ajali, ni ma na ce ajali.

Sai da na haura shekara arba'in na shiga makarantar manya. Ran nan malama ta rataya takardar alamomin hanya, tana cewa mai da'ira umarni ne, mai kusurwa uku gargaɗi. Sai ta ɗora sandarta kan wani hoto, murfin akurkina sak.

"Wannan yana cewa a rage gudu, akwai kwana a gaba. Cire shi laifi ne a doka."

Ban jira an tashi ba. Na je na kankare kashin kaji, na sake ɗora allon a ka. Maigidana ya ce, "Haba Hinde, bayan shekara nawa? Yanzu me zai gyara?"

Na ce, "Malam, matsa mini. Akwai na baya."

Da waya na ɗaure shi a turkensa, ya karkace, amma yana nan. Ko Lawwali zai duba shi a ranar, Allah kaɗai ya sani. Ni dai tun ina yarinya nake kare matar nan mai awaki a gaban Iya, yanzu kuwa na daina.